Goran da Kaka Falmata ta fasa

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da muka binne kakata Falmata, a wani gari na bakin fadama tsakanin Auyo da Haɗeja. Ba zan faɗi sunan garin ba, don jikokin waɗanda zan taɓa suna nan da ransu, wasu ma aji ɗaya muke zama da su. Ranar da aka ɗauki gawarta, wata tsohuwa ta ce daga bayan zana, tana zaton ba na ji: "Mai fasa gora ta tafi." Na ji, na haɗiye, don a lokacin ba ni da abin ramawa sai baki, shi kuwa iska ke kwashe shi. Yanzu shekarata uku a ajin yaƙi da jahilci, da furfurata da komai, na iya riƙe alƙalami. To, yau zan rama mata.

Wanda bai san ƙasarmu ba, bari in gaya masa goran da nake nufi. Ba na zuba nono ba ne. Ƙaton duma ne da hannu biyu ba sa zagaye shi, masunci ya kifa cikinsa a kai ya yi iyo, kifin da ya kama ya jefa ta bakinsa. In ruwa ya cika fadama, wanda ba shi da gora ba shi da ƙafa. Kowane gida kuma da zanensa, da ake ƙonawa a wuyan goran da jan ƙarfe, don kada a rikice ranar su. Na gidanmu sawun kaza ne. Ku riƙe wannan.

Abin ya faru tun Kaka tana da cikin fari, cikin mahaifina, shekaru da yawa kafin a ga Bature a ƙasar nan. An naɗa wa garinmu sabon sarki, malami ne, ba ɗan gari ba. Da zuwansa ya hana yanka baƙin bunsuru da ake yi a bakin tafki kafin a buɗe kamun kifi, ya ce shirka ce. Ya ƙwace gangar Sarkin Ruwa. Sannan ya karɓi fadamu da tafkuna daga hannun tsofaffin gidajen sarauta, ya raba wa mutanen da suka zo tare da shi. Galadima da Sarkin Ruwa, waɗanda kakanninsu suka kafa garin, suka wayi gari suna zama a ƙarshen tabarma.

Sai suka fara bin gidajen masunta. Ba su ce an ƙwace mana fadama ba. Cewa suka yi an wulaƙanta hanyar iyaye, ruwa ya yi fushi, bana ko tarwaɗa ɗaya ba za a kama ba. Suka ƙara da cewa wani babban mutum a gabas, can wajen Barno, ya yi musu alkawarin mayaƙa. Kaka takan ce: "Shekarata nawa ina wanki a tafkin nan, ban taɓa ganin Galadima ya jiƙa ƙafarsa ba. Sai da aka taɓa shinkafarsa ya tuna yana da kakanni."

Dabarar tasu ba ta wauta ba ce, a ido. Da ruwa ya cika, suka tsallaka wani tudu a tsakiyar fadama inda doki ba ya kaiwa, suka yanka bunsurun a bainar jama'a, suka aiko cewa duk ɗan halak ya hau goransa ya same su. Maza suka yi ta tafiya. Yayyen Kaka biyu suna cikin na farko.

Da hantsi ne kakana Audu ya sauko da nasa goran daga kan rumfa, ya ajiye a tsakar gida, ya shiga ɗaki ɗauko mashi. Kaka tana dakan gero. Ta ce ba ta yi wani dogon tunani ba, taɓaryar da ke hannunta ta ɗaga. Sau uku.

Ya fito ya tsaya yana kallon sakaina a warwatse. Ya ce, "Ke Falmata, aljanu kika hau?"

Ta ce, "Lafiyata lau, maigida. In Galadima yana son fadamarsa, ya zo ya ari taɓaryar nan ya je ya karɓo."

"Me zan ce wa maza?"

"Ka ce musu matarka mahaukaciya ce. Gara a yi maka dariya kana ji."

Ya nemi aro, babu, kowa ya tafi da nasa. Ba a kuma fafe gora ranar tafiya: sai an shuka, ya ƙosa, ya bushe. Ya yi wata biyu ba ya cin tuwonta. Mata suna wucewa ta ƙofar gida suna tambayar ko maigidan ya gama wankan jego.

A can tudu kuwa aka zauna jiran mutanen gabas. Aka jira, aka cinye guzuri, aka koma cin gasasshen kifi ba gishiri. Masu sarautar sun manta abin da kowace mace mai wanki ta sani, cewa ganuwar ruwa aro ce, lokacin kaka na yi za ta koma inda ta fito. Ruwa ya ja baya, ba wanda ya zo daga gabas. Ranar da aka hango ƙurar mutanen sarki, Galadima da Sarkin Ruwa suka shiga jirgi ɗaya tilo da ke wurin, suka bi kogi. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A garinmu tsuntsun tashi ya yi, ya bar 'yan tsaki. Talakawa suka watse da ƙafa ta cikin laka, kowa ya lallaɓo gidansa. Wa zai yi gudu da ƙaton gora a ka? Can suka bar su.

Mutanen sarki ba su tambayi kowa komai ba. Gorunan suka tattaro, suka jere a ƙofar fada, suka sa aka karanta musu zanen wuya ɗaya bayan ɗaya. Duk gidan da zanensa ya fito, aka fito da maigidan. Wasu takobi, wasu igiya aka sa musu aka yi yamma da su. Yayyen Kaka suna cikin na igiya, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Da aka zo gidanmu aka ce ina goran Audu, sai Kaka ta shiga ɗaki ta fito da wuyansa, da sawun kazar a jiki, ta ajiye a gabansu.

Kada wani ya ce ina kare yankan bunsuru. Ni Musulma ce, Kaka ma da carbi a hannu ta cika. Ta ce sarki ya yi daidai da ya hana, amma littafin da ya karanta hanin a ciki, ai akwai rahama a cikinsa, ko shafin ya yage ne? Ba ta bar kowa ba, shi ya sa ba wanda ya bar ta. Zawarawan garin ba su zagi Galadima ba, shi da aka ce ya mutu a gabas da mata huɗu. Ita suka zaga, don nata mijin yana shigowa da kifi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ban ga laifinsu sosai ba, baƙin ciki ba ya zaɓen ƙofa. Amma jikokinsu da suka gaji zagin ba su gaji baƙin cikin ba, su nake wa magana.

Nakan ce da Kaka za ta ɗago kai yau, me za ta ce? Ga motoci suna shigowa da lasifika, manya a gidan gaba, ana kiran maza su fito da sanduna don kare addini da mutuncin iyaye. Wannan ya ce shi ne na Allah, wancan ma haka. Na san tambayar da za ta yi, guda ɗaya ce: in ruwa ya janye, wa ke da jirgi? Ni ma ita nake yi wa 'ya'yana, kuma taɓaryata tana jingine inda kowa ke ganinta.

Kaka ba ta bar gadon gona ba, ba ta bar kwalla ba. Wuyan goran nan ta bar mini, da shi nake ɗiban gero har gobe. Kakana ya rayu ya ga jikoki, kuma shi da bakinsa, da tsufa ya kama shi, in ta wuce yakan ce, "A ba mahaukaciya hanya," yana dariya har da hawaye. Makon jiya na zauna na rubuta sunayen duk wanda ya fito daga tsatsonsa, don gwada hannuna. Takarda ta cika, na juya baya.

Saboda haka duk mai kiranmu gidan mai fasa gora, ya ci gaba, mun amsa. Sai dai in zai faɗa, ya ɗaga murya, ya kuma haɗa da sunanta: Falmata. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan yayyenta biyu da ba su sami mai fasa musu nasu ba.