Askar Juma'a a Faisal

Ni karatuna bai yi nisa ba. Rakiyar wani ɗan kasuwa mai saro kaya a kasuwar Ataba ce ta kawo ni Alƙahira. Shi ya koma gida, ni na maƙale a unguwar Faisal, gida ɗaya da ɗalibai 'yan Arewa. Abin da na iya shi ne aski, gadon gidanmu. Kowace Juma'a da hantsi sai su jeru a baranda in kwashe musu suma da askar da na taho da ita daga gida. In na gama da wannan, in goge ta da tsumma, in wasa a tafin hannu, in kira na gaba. Wani ya taɓa ce mini in riƙa dafa ta, na ce kakana bai dafa ba. Allah Ya yafe mini wannan taurin kai.

Wata rana motar ma'aikatan lafiya ta tsaya a bakin babban titi, ana gwajin ciwon hanta kyauta, har da baƙi. Gaskiya inuwar rumfarsu ce ta ja ni. Aka huda yatsana, ma'aikaciyar ta duba ta ce, "Ma'alish, sai haƙuri, akwai alamar cutar." Da ta ji sana'ata sai ta ce ɗigon jini a bakin aska ya isa ya kai cutar jikin wani, in kawo duk wanda na taɓa yi wa aski.

Nawa ciwon bai dame ni kamar nasu ba, musamman babbanmu a gidan, wanda ya gama karatu har an sa masa ranar aure a Katsina. In an same shi da cutar, wa zai tunkari iyayen yarinyar?

Na faɗa musu bayan la'asar, ana shan shayi.

"Wato Sarkin Aska, har tsaraba kake bar mana a ka?" in ji wani ɗan Damagaram.

Ango bai yi dariya ba. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Yalla, ku tashi. Wanzam, kai za ka riƙe mini hannu, ni allura tsoro take ba ni."

Muka cika ƙaramar bas, kawuna tal-tal suna ƙyalli. Direban ya waiwayo ya yi mana barka da dawowa daga Umra. Har muka sauka ana dariya, ban da ni.

Ɗaya bayan ɗaya aka gwada su, ba a sami kowa da ita ba. Ango ne ƙarshe, ya runtse ido yana karanto duk addu'ar da ya haddace, ya kusa karya mini yatsu. Ma'aikaciyar ta ce, "Tamam, lafiya lau." Na zauna a gefen titi ina hawaye, suna ta yi mini tsiya.

Ni aka ɗora ni kan ƙwayoyi na 'yan watanni, aka sake gwadawa, aka ce khalas, ta tafi. Ranar ɗaurin auren ango ya kira ni a waya, sai ya ɗaga ta sama don in ji guɗa.