Minti Goma Sha Tara da Idon Guguwa

Ƙarfe uku da minti goma sha biyu na rana abin ya fara lalacewa jiya. Na san lokacin daidai don yana nan a wayata. A lokacin ne Baffa Sule, ƙanin mahaifina da ke aiki a wani garin bakin teku a Amurka, ya turo saƙon murya cikin gurup ɗin danginmu: "Jama'a, alhamdu lillahi, iskar ta kwanta ɗif, har rana ta leƙo. Bari in fita in duba motata."

Wata huɗu ke nan ina rubuta kundin kammala digiri a kan irin wannan mahaukaciyar guguwar teku. Na san tana da wani fili a tsakiyarta da ake kira ido, inda komai ke yin tsit na ɗan lokaci, sannan iskar ta dawo ta ɗaya ɓangaren da duk ƙarfinta. Na rubuta masa kada ya fita. Na goge, don manya suna ta jera "Allah mun gode", ni kuwa ban taɓa cewa komai a gurup ɗin ba sai "amin". Na sake rubutawa da gaisuwa a farko, na ga ya yi tsawo. Sai uku da minti talatin da ɗaya na tura. Saƙon bai shiga ba.

Na kira, na sake kira, shiru. Bayan la'asar na kishingiɗa a tabarma da wayar a hannuna, barci ya ɗauke ni, na yi wani mafarki da nake so ku taya ni dubawa.

Na gan ni a tsakar gidan kakarmu, ana taron suna. Mata na ta daka, amma ba a jin ƙarar taɓarya. Jaririyar na hannun wata tsohuwa da ban sani ba, an naɗe ta cikin farin zane, zanen yana ta juyawa a hankali ta hagu. Na leƙa, sai na ga ba jaririya ba ce, hadari ne ƙarami, da ɗan rami a cibiyarsa. Ba wanda ya ga abin mamaki ne. Wata ma cewa ta yi, "Tubarkalla, da babanta take kama."

Sai kawai ga wani mutum zaune a kan tebur ɗin ɗakin karatunmu, wanda ban san yadda aka yi ya shigo gidan ba. Yana karanto sunaye daga wata doguwar takarda, bi da bi bisa jerin haruffa, na namiji sannan na mace, kamar yadda ake raɗa wa guguwa suna tun kafin ta taso. Ya ce a da sunayen mata zalla ake sawa, yanzu an daina. Ya ce duk sunan nan zai sake zagayowa bayan shekara shida, sai dai wanda ya yi kisa da yawa, shi kam a soke shi har abada. Yana faɗa yana ja da jan biro. Na tambaye shi, "Malam, sunan wa ka soke?" Bai ɗago ba.

Sai kawai bangon gidan ya zama ruwa, tsaye, yana zagaye mu. A tsakiya rana na haskawa, ga Baffa da bokiti da soso yana wanke mota, yana 'yar waƙarsa. Da'irar hasken tana ta tsukewa. Na san duk abin da ya kamata: a shiga ɗakin da ba taga, a ajiye ruwan sha, kada a taka ruwan ambaliya. Shafi na arba'in da biyu ne a kundina. Na buɗe baki in kira shi, sai takardu suka riƙa zubowa daga bakina, kowace da lambar shafi. Na durƙusa ina tsince su ina jerawa, don kada su hargitse. Wallahi abin da na tsaya yi ke nan. Ina jerawa ruwan ya taɓa tayar motar, na farka da kiran sallar magariba.

Saƙona bai shiga ba har yanzu. Na gaya wa Umma mafarkin, ta ce wanda ya yi barcin bayan la'asar ai shi ya jawo wa kansa. Na gaji, ban runtsa ba tun lokacin. Don Allah, wanda ya san fassara ya gaya mini: me sunan da aka soke yake nufi? Kuma me ya sa na tsaya jera takardu?

Ƙari, bayan azahar: Baffa ya kira ta wayar maƙwabta. Ya fita ɗin. Wata tsohuwa maƙwabciyarsa ce ta leƙo ta daka masa tsawa ya koma ciki, ko minti goma ba a yi ba bishiya ta faɗo kan motar. Umma ta ba shi labarin mafarkina don su yi dariya, ya ce a miƙo mini wayar. Na gaishe shi, na gaya masa har da saƙon da na goge. 

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini, "fassarar ba wuya. Matar da ba ta iya ko faɗin sunana ba, ita ta daka mini tsawa. Ke da ni na yanka ragon sunanki, kina can kina gyara gaisuwa. Nan gaba in kin san abu, ki daka mini tsawar, gaisuwa ta biyo baya."