Tayoyi biyu daga Yamai

Shekarun baya, bayan na gama shekarar farko a jami'a a Yamai, na dawo Dogon Dutsi hutu, damina na ƙoƙarin kankama. Mahaifina ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, a lokacin an tura shi aiki Agadas. Ya bar mana tsohuwar motarsa a ƙofar gida, injinta lafiya lau, amma tayoyin gaba sun siɗe sumul kamar bayan faranti.

Ranar da na iso, ko tuwo ban gama ci ba mahaifiyata ta zaunar da ni. Yayata tana aure a wani ƙauye gaba da Geceme, tana da cikin fari, watan haihuwa ya kusa. A wurinmu mace mai cikin fari gidan iyayenta take dawowa ta haihu. Ban da al'ada ma, ungozomar ƙaramar asibitin can ta ce ƙafafunta suna kumbura, gara ta matso kusa da babbar asibiti. Motocin haya sai ranar kasuwa suke shiga ƙauyen, su cika mutane da awaki har bisa, kuma mahaifiyata ta rantse ba za a cusa mata ɗiya a cikinsu ba. Ga kuma wata ƙorama kafin ƙauyen, wadda in ruwa ya yi ƙarfi take raba hanya.

"Tahi wurin Baffanka ya sa wa motar nan ƙafafu biyu," in ji ta. "Da an sa, sai ku ɗauko min ita."

Baffa abokin mahaifina ne tun suna yara, kuma shi ne mai sayar da taya a bakin tasha. Bafillace ne da ya zauna gari, mu kuwa Arawa, kun san wasan da ke tsakaninmu da Fulani. Kowa na cewa ɗaya bawansa ne. Sauran yara sun iya ramawa, ni ban taɓa iyawa ba. Da ya hango ni sai ya ɗaga murya yadda duk tasha za ta ji: "Ga bawana mai gilashi! Ka karance takardun Yamai duka ko ka rage wa wasu?" Direbobi su kwashe da dariya, ni kuwa in tsaya ina kallon takalmina. Tun ina ƙarami nake zagaye tashar in bi ta bayan kasuwa don kada in haɗu da shi.

Sai na nemo wa kaina hujja, kuma hujjar ba ƙarya ba ce. Tayoyin Baffa yawanci na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a wata ƙasa. Na durƙusa gaban mota na kwafe lambobin da ke jikin taya, na shiga intanet na karanta ma'anar kowace, har na gano inda ake rubuta shekarar da aka ƙera ta. Na sami wani ɗan kasuwa a Yamai da ke tallar sababbin tayoyi a shafinsa. Na sa ya ɗauko min hoton lambobin kusa-kusa, na duba, na sake dubawa. Ba wanda ya yi min dariya, ba wanda ya tambaye ni komai. Na aika masa kuɗi ta waya, ya ce yau ɗin nan zai sa su mota.

Mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Taya a cikin waya?"

Na ce, "Sababbi ne, Inna. Sun fi ƙarfi."

"To. Allah shi kawo su."

Washegari na yi sammako ofishin manyan motocin Yamai, inda ake karɓar saƙo. Suka duba suka ce babu. Na dawo gida, na koma da azahar, babu. Na kira mai taya, ya ce ai tun jiya ya ba da su, ya ba wani direban ƙaramar mota mai zuwa Ƙwanni, don ya fi sauƙi, kuma direban ya ce ya sauke su a Dutsi. Na nemi lambar direban, ya ce zai turo. Da ya turo, wayar ba ta shiga.

Kwanakin da suka biyo ban san yadda zan kwatanta su ba. Na buɗe littafi in karanta, sai in ga ina maimaita layi ɗaya. In zauna, in tashi, in fita ƙofar gida in zagaya motar kamar zagayen zai tsiro mata da taya. Duk motar da na ji ta rage gudu a titi sai na leƙa. Yaron ofishin saƙo ya kai ga yana hango ni sai ya girgiza kai tun ban ƙaraso ba. Mai taya kuwa ya gaji da ni. Da farko yana cewa "Ka yi haƙuri, ɗan'uwa," daga baya ya koma "Malam, na ce maka kayanka suna garinku," daga nan ya daina ɗauka. Na tabbata an cuce ni. Na rubuta masa dogon saƙo da Faransanci mai kyau, na gyara shi sau da yawa, na kasa aikawa.

Abu ɗaya ne ban yi ba, shi ne shiga tashar ƙananan motoci in tambaya. Na je har bakinta, na jiyo muryar Baffa yana tsokanar wani, na juya. Na ce a raina, wane ido zan kalle shi da shi, ina neman tayar da na saya a wurin wani?

Mahaifiyata ba ta yi min faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta wanke ɗakin da yayata za ta zauna, ta sa aka kawo itacen wankan jego aka jibge a tsakar gida, ta sake share ɗakin da ta riga ta share. Kowace la'asar sai ta fito ta tsaya tana kallon gabas. An yi yayyafi sau ɗaya, manoma suna murna, ita kuwa ta kasa cin abinci.

Wata safiya da hantsi wayarta ta yi ƙara. Uwar mijin yayata ce. Ina jin abin da take cewa daga inda nake zaune: kumburin yayata ya hau har fuska, tana kukan ciwon kai, tana cewa idonta na ganin duhu-duhu. Mahaifiyata ta ajiye waya, ta ɗaura gyale, ta sake kwancewa.

"Tashi," ta ce. "Tahi wurin Baffanka. Ko tayar amalanke ce ya sa muna. In kai ba ka iyawa, ni in tahi."

Na tashi. Ban bi ta bayan kasuwa ba, na miƙe titi sosai, ina ta shirya abin da zan ce.

Tun daga nesa ya gan ni. Yana zaune cikin rumfarsa da kofin shayi a hannu, direbobi uku na gefe. Ya miƙe ya buɗe hannuwa kamar mai tarbar alhaji.

"Jama'a, ku tashi ku ba da wuri! Bawana ya tuna hanyar gidan ubangijinsa!"

Na gaishe shi. Sai idona ya sauka kan abin da ya tashi daga kai. Tayoyi biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, sababbi fil, baƙi wuluk, ya shimfiɗa musu buzu ya mai da su kujera. A gefen ta sama an rubuta sunana da alli, da sunan garinmu.

Ashe a tashar Dutsi, duk tayar da aka sauke daga mota, 'yan kamasho ba sa tambayar ta wace ce. Shekara da shekaru duk tayar da ta shigo tashar ta Baffa ce, don haka direban na sauke su suka gangara da su rumfarsa, suka karɓi na goro, suka koma aikinsu. Shi kuwa da ya ga sunana sai ya ga abin wasa ya zo har gida.

"Na kama dukiyar bawana," ya ce wa direbobin. "Ya ƙetare ni ya sayo a Yamai, Allah ya kawo su hannuna. Na ce bari in gani, kunya za ta kawo shi ko yunwa. Yanzu sai ka fanshe su. Goro ƙwarya guda, kuma ka hwaɗi gaban mutane cewa Fulani sun fi Arawa."

Direbobi suna ta dariya. Ɗaya ya ce, "Ka rama mana, ɗan boko, kada ka ba mu kunya!"

Na buɗe baki, abin da na shirya duk ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Baffa, Yaya ce. Tana can ƙauye da ciki, fuskarta ta kumbura, ba ta gani sosai. Don ita muke son motar."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya da sauri haka ba. Ya ajiye kofin, shayin ya zube bai kula ba.

"Tun yaushe?"

"Tun da na zo ake son ɗauko ta."

"Kuma kai kana nan kana zagaye-zagaye, ni ina zaune bisa tayoyin ɗiyata ina shan shayi? Don mi ba ka hwaɗa ba? Don mi uwarka ba ta aiko ba?"

"Ban san suna nan ba."

"Ni na sani," ya ce, a hankali.

Ya yaye buzun, ya saɓa taya ɗaya a kafaɗa, ya tura min ɗaya. Wani direba ya ɗauko jak da sauran ƙarafa, ya ce mu shiga motarsa. A ƙofar gidanmu Baffa ya cire rigarsa ya kwanta ƙasa da kansa. Da ya gama ɗaure ta biyu ya buga ta da tafin hannu ya ce, "Kaya masu kyau ka saya. Ba ni da irinsu." Mahaifiyata ta fito ta gaishe shi, ya amsa bai ɗaga kai ba.

Ni tuƙina na cikin gari ne, don haka ya karɓi makulli. Muka bi kwalta zuwa Kore Mairuwa, muka sauka jar hanya, muka wuce Tibiri ba mu tsaya ba. Gero ya fara tasowa a gonaki, mata na duƙe suna noma, ni kuwa ba abin da nake kallo sai sama. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Duk inda muka shiga rami sai in ji kamar cikina ne aka buga. Na yi ta matsa ƙafa a ƙasan mota kamar ni ke da totur. Baffa bai yi magana ba duk tsawon hanyar, mutumin da ko a wurin gaisuwar mutuwa sai ya sa an yi murmushi.

Mun tarar da ƙoramar da ɗan ruwa iya idon sawu. Muka ƙetare. A gidan, da ƙyar na gane yayata. Ta dube ni da idanun da suka kusa rufewa ta ce, "Kai ne? Ka rame." Mijinta da uwarsa suka kwantar da ita a baya, mijin ya riƙe mata kai. Iska ta taso muna fita ƙauyen. Da muka dawo ƙoramar ruwan ya ƙaru, ja, yana gudu, an riga an yi ruwa a wani wuri sama. Baffa ya tsaya ya duba, ya yi bisimilla, ya shiga a hankali. Na ji ruwa na dukan ƙasan mota, na ji tayoyin baya sun zame, na gaba suka kama tudu suka ja mu. Ba mu yi nisa ba aka tsuge da ruwa.

Kafin magariba muka shiga asibitin Dutsi. Suka auna ta, suka ce jininta ya hau ƙwarai, ba za su jira ba, aiki za a yi. Mahaifiyata ta iso da gyale a karkace. Muka zauna kan benci mu huɗu har da mijin, Baffa a can ƙarshe, hularsa a hannu yana murzawa. Da ma'aikaciyar ta fito ta ce mace ce, uwa da ɗiya duk suna nan, sai ya tashi ya fita waje. Na hango shi ta taga ya jingina da motar, ya rufe fuska da hular.

Tayoyin sun daɗe a motar, sun ma fi ta ƙarko. Har yau ina sayen abubuwa ta waya, littattafai musamman, kuma ba na ganin laifin hakan. Mai tayar Yamai bai cuce ni ba, ya aiko abin da na nema daidai. Sai dai bai tambaye ni abin da zan yi da su ba, kuma ba aikinsa ba ne ya tambaya. Baffa da na je wurinsa tun farko, zai yi min dariya gaban duniya, amma kafin ya taɓa ko ƙarfe ɗaya sai ya ce, ina za ku? Da a ranar an ɗauko yayata.

Yayata ba ta san wannan labari ba sai bayan ɗiyar ta fara tafiya. Ni na ba ta shi, muna zaune tana tsinke zogale. Ina jira ta yi fushi, ko ta yi dariya. Hannunta bai tsaya ba. Sannan ta ce ita a kwanakin nan kullum da la'asar sai ta sa a kai mata tabarma bakin zaure, inda ake hango hanya, kuma ba ta gaya wa kowa abin da take jira ba.