Asalin Gidan Ajuji na Gafasa

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da na ajiye jinjiri a kan juji da hannuna, na juya masa baya ba. Ke Talatu, ɗazu na ji ki kina ƙyalƙyala dariya da aka ce gidan Ajuji sun aiko a zo a yanke cibi. Wai wane irin gida ne za a sa masa sunan bola. To matso kusa, ke da sauran. Tunda kun ce ungozomanci za ku yi, gara ku ji daga bakin wadda aka yi a gabanta.

Da kaka ne, a shekarun da maharan Ningi suka hana mutane kwana a gona. Ina zaune a Ajingi, mijina ya rasu, na shiga bin babbarmu, Iya Tabawa. A tsarin aikinmu duk haihuwar da aka yi a karkarar nan ita ake fara gaya wa, ita take cewa wance je ki. A shekarar ciwon ƙafa ya riƙe ta, sai ta tura ni Gafasa ni kaɗai, gidan wani manomi, Malam Idi. Ina yafa mayafi ta ce, "Kande, matar nan mai wabi ce. Ki iya bakinki a gidan."

Mai wabi dai kun sani, ita ce wadda take haihuwa 'ya'yan suna komawa. Dije, matar Malam Idi, ta haifi huɗu, babu wanda ya kai yaye.

Na tarar ta sauka lafiya, namiji. Na yanke cibi, na binne mabiyiya a bayan ɗaki, na dafa ruwan ganye na yi wa mai jego wanka, na dama kunun kanwa. Kwanakin farko ba a ba jinjiri nono sai an tatse dakashi, wato nonon farko, an ga ya gyaru, don haka ruwan ɗumi da madarar akuya nake ɗiga masa. Na lura Dije ba ta kallon inda yake, amma mata da yawa suna kawar da kai daga ɗa saboda kunya. Na ɗauka ita ce.

Da nono ya gyaru na miƙa mata shi, sai ta juya fuska bango. Na ce, "Dije, karɓi ɗanki mana, ya gaji da akuya." Na yi lallashi, na yi tsokana, na yi faɗa, kun dai san bakina ba ya hutu. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Gwaggo, duk wanda na ba nono, na saba da fuskarsa, sai an karɓe shi. Ki kai shi inda zai rayu. Ni kada ma in san kamanninsa." Wallahi ban taɓa jin tausayin mutum kamar na ranar ba.

Shi kuwa yaro madarar akuya ta fara ɓata masa ciki. Kukansa ya ragu, maɗigarsa ta fara faɗawa. Mace ɗaya ce mai goyo a unguwar, ita ma nata ɗan ba ya ƙoshi. Na san idan bai samu nonon uwarsa ba, ba za a yi taron suna a gidan nan ba.

Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Inna Lami, ita ta ce a kai shi juji. Al'ada ce tun ta kakanni. A sa jinjiri a ƙwarya a ajiye a bola kamar an yar, wata wadda ba 'yar gidan ba ta zo ta tsince shi ta ce nata ne, sannan ta ba uwar riƙo. Wai abin da ke ɗauke 'ya'yan zai ga ba a so, ya wuce.

Malam Idi ya yi karatu a wurin malaman Gaya, kuma mutum ne mai sanyin hali. Na same shi a zaure na gaya masa. Ya ce, "Gwaggo, rai a hannun Allah yake. Juji ba ya ƙara wa kowa kwana." Na ce, "Haka ne, Malam, ni ma ban ce yana ƙarawa ba. Na dai rasa ta inda zan ɓullo wa matarka ne." Idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya ce, "Ku yi. Amma ina tsaye a wurin."

Da hantsi muka fita. Jujin yana bayan danga, daidai bayan ɗakin Dije. Na share wuri, na duba babu cinnaka, na shimfiɗa tsumma a ƙwarya na kwantar da shi. Na ɗaga murya kamar yadda ake yi, na ce, "Ga kayan da ba a so, mai so ya ɗauka." Na juya baya. Malam Idi yana gefe da kara a hannu yana korar kaji.

Da yaron ya ji babu hannu a jikinsa, sai ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya tsala kuka. Inna Lami ta taho tana dogara sanda, ta sunkuya za ta ɗauka. Sai Malam Idi ya tare ta da karan ya ce, "Inna, dakata kaɗan." Raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan gaya masa maganar da ba a gaya wa mai gida. Ashe motsin asabarin ƙofar ɗakin matarsa ya ji, mu ba mu ji ba.

Sai ga Dije ta ɓullo tana dafa danga, nono ya jiƙa mata zane sharkaf. Ba ta kalli kowa ba. Ta ratsa tsakaninmu, ta durƙusa cikin toka da ɓawon gyaɗa, ta sure shi. Ta ce, "Wa ya ce ba a so?" Nan kan jujin ta sa masa nono, ya kama.

Inna Lami, Allah ya jiƙan tsohuwar nan, ba ta rasa abin faɗa. Ta ce, "To shi ke nan, ke kika riga ni. Tsintuwa kika yi, Dije, naki ne, ba mai karɓe miki." Dije ta sunkuyar da kai, ta ƙura wa fuskar yaron ido, ta daɗe. Sai ta ce, "Hancin babansa ne." Ni da na zo aiki, ni na fi kowa kuka.

Ranar suna liman ya raɗa masa Abubakar, wanzami ya yi masa aski. Amma Ajuji ya bi shi, ma'ana wanda aka kai juji, kuma a bakin ubansa aka fara jin sunan. Ya rayu, ƙannensa da suka biyo baya su ma suka rayu. Da Malam Idi ya rasu, gida ya koma hannunsa, aka shiga cewa gidan Ajuji. Yanzu akwai su a Toranke, akwai waɗanda suka koma cikin Gaya, wasu sun bi fatauci, duk da sunan suke amsawa. Sai dai ba kowane Ajuji ne ɗan Gafasa ba. Na ji sunan a kasuwar Gaya a bakin fataken gabas da ba su haɗa komai da su Dije ba. Kowane gari da nasa jujin, da tasa matar da ta gaji da binne 'ya'ya.

Abin da na koya a ranar shi ne, yanke cibi da dama kunu kowa zai iya. Aikin shi ne ki dinga duban mai jego kamar yadda kike duban jinjiri, ki bambance wadda ta kawar da kai don kunya da wadda ta kawar don tsoro. Kuma in kin shiga gida kin ji ana kiran wani Ajuji, kada ki tambayi uwarsa 'ya'ya nawa ta haifa.

Ni na karɓi haihuwar ɗan Ajuji na fari. Dije ta tsufa, furfura ta rufe kai, tana zaune a bakin ƙofa tana jira. Ina yanke cibi, ban ko kai ga sa shi a ruwa ba, ta shigo ta miƙo hannu biyu. Na ce, "Haba Dije, ki bari in wanke miki angon naki tukuna." Ta ce, "Ba ni shi haka nan, Gwaggo. Ni na daina jira."