Hannun da Waya Ba Ta Gani

Ina jiran mota a tasha, idona na kan wani tsohon tela a rumfar da ke gefena. Gemunsa fari fat, tef rataye a wuya, bayansa a ranƙwafe irin na wanda ya tsufa kan keken ɗinki. Ya jingina waya da kwalin zare, yana gyara hula kamar zai gaida surukai.

A wayar wata likitar gashin ƙashi ce, da alama cikin masu binciken ciwon baya da ke duba mutane daga nesa. Tana ƙirga masa, yana sunkuyawa a hankali.

"Baba, daga ɗaya zuwa goma, ciwon nawa ne yau?"

"Da sauƙi, 'yata. Alhamdu lillahi."

Ni kuwa ina ganin abin da wayar ba ta gani: hannunsa na hagu dafe da ƙugu, yatsun sun damƙe riga. Ina jin ko matarsa bai taɓa ce mata babu sauƙi ba.

Likitar ta ƙura masa ido.

"Baba, ina ɗaya hannun?"

Yana murmushin kunya, ya ɗago shi, ya haɗa da ɗayan, ya nuna mata yatsu takwas.