Genowefa da Kalmar da Aka Ce Ta Mutu

Shekara goma sha ɗaya muka yi da Genowefa Kudła a maɗaba'a ɗaya a birnin Kraków, tana jera haruffan dalma, ina duba kurakurai. 'Yar ƙauye ce, a aji bakwai ta bar makaranta, amma hannunta ya fi na kowa sauri, bakinta kuma ya fi hannun.

Wata shekara aka kawo mana aikin ƙamus na asalin kalmomi, kowace kalma da ɗan tauraro a gabanta. Ranar da mai ƙamus ɗin, Dokta Rogala, ya zo duba shafuka, ta tare shi.

"Dokta, taurarin nan na mene ne? Sun ƙare mini, har aro nake yi!"

Ya ce alama ce ta kalmar da ba wanda ya taɓa gani a rubuce. Kakanninmu da na Rashawa da Sabiyawa harshe ɗaya suka yi, ba su bar takarda ba. Sai an jera kalmomin jikoki an gwada, sannan a gano kamannin kakar.

"Wato zama kuke yi ku ƙirƙiro."

"Sawu muke bi, baiwar Allah."

Daga ranar ta kamu. Ba ta jera layi sai ta karanta shi. Rannan sai na ji ta ƙwala ihu. Ta iso kan *jętry, wato facala, a ƙasa kuma an rubuta cewa jikarta a harshenmu, jątrew, ta daɗe da mutuwa.

"Wa ya kashe ta? Innata da matar baffana ko faɗa suke yi, da ita suke kiran juna!"

Asabar na zagayowa muka hau jirgin ƙasa mu uku zuwa ƙauyensu, Dokta rungume da rikoda. Innarta, Iya Apolonia, ta ce ba za ta yi wa akwati magana ba sai baƙo ya shanye miyar kabeji. Ya shanye, har da ƙari. Sai Iya ta leƙa ta kan shinge ta ƙwala wa facalarta kira: "Jątrew! Fito ki ga wanda ya ce kin mutu!"

Dokta ya miƙe tsaye, cokali a hannu. Ya sa tsofaffin biyu suka yi ta juya kalmar: gidan facala, na ga facala, ni da facala. Duk sanda ƙarshen kalmar ya canza sai ya buga tebur yana dariya.

Iya ta jawo 'yarta gefe. "Ke, wannan malamin lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Aka gyara layin. Genowefa da kanta ta jera sunan ƙauyensu a ƙarƙashin kalmar, ta kai wa Iya shafin tun tawada ba ta gama bushewa ba.

Da ta yi ritaya, bas ta riƙa bi ƙauye ƙauye tana sa tsofaffi hira, tana rubuta kalmominsu a guntayen kati. Kwalin takalmi tara ta cika, ta kai wa ɗaliban Dokta, ta zauna ta ga sun fara karantawa.