Na Je Wikki, Amma Ba Tare da Ɗana Ba

Assalamu alaikum. A lokacin da wannan abu ya faru ni mace ce mai zaman gida a Dutsin-Ma, haihuwar Rawayau ta ƙasar Kurfi. Ban taɓa wuce Katsina ba, ruwa mafi girma da idona ya sani shi ne na dam ɗin Zobe. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da furfurata na yi shi, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Mutane sun shaide ni da haƙuri da kunya, ni ma ina jin daɗin wannan shaida, ban san ita ce za ta raba ni da ɗana ba.

Shi ne ɗana na fari. A gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama hira da shi. Ana yaye shi gwaggonsa, yayar mahaifinsa, ta goya shi ta tafi da shi. Ita yake kira Inna, ni kuwa Yaya, yadda ya ji ƙannen babansa suna kirana. In zan yi maganarsa sai in ce yaron nan. In ya zo gaishe ni sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa, ni kuma in amsa ina kallon gefe. Allah ya sani ranar da ya yi ƙyanda ban iya haɗiye ko ruwa ba, amma ƙafata ba ta taka gidan gwaggon ba, don kar a ce na yi rashin ta ido.

Da ya gama makaranta ya sami aikin awon hanya, aikin ya riƙa yawo da shi ko'ina a ƙasar nan. Duk inda ya sauka sai ya turo hotuna a wayar autata, ƙanwarsa. A nan na ga dutsen Obudu, gajimare yana ƙasa mutum yana sama. Na ga Mambila, gonakin shayi kore shar, shi kuma ya dunƙule cikin rigar sanyi. Na ga ruwan Gurara yana zubowa daga kan duwatsu fari fat, na ga tekun Legas da ba a hango gaɓarsa. A ƙarƙashin kowane hoto yakan rubuta a nuna wa Yaya. Saboda wannan rubutun na shiga makarantar manya, ina so in karanta da idona. Amma in autar ta miƙo mini wayar a gaban mutane, sai in ce ta ajiye ina aiki. Sai gida ya watse nake ɗauka in yi ta kallo har wayar ta mutu.

Wata shekara bayan ƙaramar salla ya zo da motarsa, ya ce wa ƙanwarsa ta gaya mini in shirya zai kai ni Yankari, gandun namun dajin nan na ƙasar Bauchi. Ya ce akwai wani ruwa a can ana ce masa Wikki, da ɗuminsa yake fitowa daga ƙarƙashin dutse, zai yi wa gwiwata daɗi. Na ce to. A ɓoye na kai ɗinki, na yi dambun nama, na soya gyaɗa, na kasa zaune na kasa tsaye kamar yarinya. Da safiyar tafiyar matan unguwa suka cika tsakar gida yi mini sallama. Sai wata tsohuwa, ƙawar uwar mijina, ta tafa hannu tana dariya, ta ce lallai ta ga zamani, yau 'yar Rawayau za ta hakimce a gaban mota kusa da ɗan fari, su ci a kwano ɗaya, ƙila har a ɗauke su hoto kafaɗa da kafaɗa. Aka kwashe da dariya. Wasa take yi, na sani. Amma na ji kamar an tuɓe mini zane a kasuwa. Na koma ɗaki na kwance ɗankwalin, na ce ƙafata ta tashi, a tafi da gwaggonsa.

Abin da bai taɓa yi ba ranar ya yi. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi mini magana kai tsaye. Ya ce Inna ya kai ta wurare da yawa, wannan tafiyar ba tata ba ce. Ya ce ba sai na zauna a gaba ba, ba sai na yi masa magana ba, shi dai yana so sau ɗaya ya ga idona lokacin da nake kallon abin da ya gani. Matan suna tsakar gida suna saurare. Na juya fuskata bango, na ce wa autata ta gaya wa yaron nan rana tana yi, su kama hanya. Na ji ya daɗe a durƙushe kafin ya sa takalminsa.

Daga wannan tafiyar hotuna suka daina zuwa. Bai fasa komai na haƙƙina ba, abinci da magani da sutura duk suna zuwa a kan kari. Sai daga baya autar, da aka yi tafiyar da ita, ta gaya mini abin da ya faɗa a mota bayan sun wuce Kankiya. Ya ce da yana zaton kunyar Yaya murfi ce, akwai wani abu a ƙarƙashinta, yau ya buɗe ya ga babu komai. Gwaggon ta yi masa faɗa.

Shekaru suka wuce, gwaggon ta rasu, tsohuwar da ta yi mini dariya ita ma ta rasu. Na duba na ga waɗanda na ji kunyarsu duk sun tafi, sun bar ni da abin da na yi. Sai na ce ina so in ga Wikki ɗin nan. Kuma ku ji wautata, ko a wannan karon ban iya gaya masa da bakina ba, autar na aika. Bai yi musu ba. Ya turo mota da direba, ya kama mana masauki mai kyau, ya sa aka saya mini har takalmin shiga ruwa. Ya ce a gaya wa Yaya shi ba zai zo ba, don ta sake, kar ya takura mata.

Na je. Ruwan yana nan yadda ya faɗa, garai-garai, kana ganin farin yashi a ƙasa, itatuwa sun yi masa rumfa, birrai suna ta kai da kawo suna neman abin da za su wafce. Na sa ƙafata na ji ɗumin ya ratsa gwiwata. Ina zaune sai ga wata mata sa'ata tana saukowa daga matakala, ta riƙe hannun ɗanta, wani ƙato mai gemu. Tana kiran sunansa tana yi masa faɗa wai yana sauri zai kayar da ita, shi kuma yana dariya yana cewa ita ce ta cika tsoro. Autata ta ɗaga waya ta ce in yi murmushi za ta tura wa yayanta. Na kasa. Hoton da ta tura, amsar da ya bayar ita ce Allah ya ƙara lafiya.

Har yau yana zuwa gaishe ni. Yakan durƙusa daidai inda na koya masa, ba ya ƙara taku ɗaya. Ban ce a yar da kunya ba, da ita aka raine mu. Amma 'yan'uwana mata, yaro ba ya ganin abin da ke cikin ciki, abin da kika nuna masa shi ya sani. Masu dariyar nan ba za su zauna da ke ba ranar da gida ya yi shiru. In ɗanki ya ce ki zo ki ga wani abu, ko bakin Zobe ne, ki ɗauki mayafinki ki bi shi. Ni na ga ruwan, ruwa ne mai kyau, amma wanda ya so ya ga idona a wurin bai gani ba.